Allurar Da Ke Cikin Kalmasa

Ranar nan da kuka cika min shago kuna jiran ɗinkin Sallah, ɗaya daga cikinku ya ɗaga kai ya ga hoton farin labulen nan da na manna a bango, ya ce, "Uncle, ai wannan easy ne. Ka sa design a computer, machine zai gama shi kafin ka shanye shayinka." Kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don bakina cike yake da fil. Amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan. Wanda Hausarsa ta yi ƙaranci a cikinku, uwarsa ta karanta masa.

Ni ɗan Soron Ɗinki ne a Kano. Sunana na yanka Usman, amma da yake ranar Asabar aka haife ni, Ɗan'asabe ne ya bi ni. Mahaifina ɗinkin hannu yake yi, aska takwas da aska biyu a gaban babbar riga, kuma tun ban kai tsayin teburinsa ba yake buge min yatsu in zare ya kwanta a karkace. Da na zo New York na zo da alluraina a cikin gwangwanin alewa, ina ganin kamar ni ake jira. Ba wanda ya tambaye ni. Na ƙare a bakin Fordham Road ina sayar da huluna da safar hannu, in zafi ya shigo in koma tabarau.

Wata Juma'a na taso daga masallaci a Harlem na shiga jirgin ƙasa, sanye da rigar da na ɗinka da hannuna. Sai na ji ana jan min riga. Na waiga a fusace, na ga wani gajeren tsoho Bayahude, baƙar hula, gemu fari har ƙirji, ya kama wuyan rigata ya juya cikinsa waje yana dubawa. Ko sallama bai yi ba. Ya ɗora tabarau a goshi, ya kai ido dab da zaren, sannan ya ce da Turancinsa mai nauyi, "Wa ya yi wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ƙarya kake." Na ce to ya sakar min riga. Ya yi dariya, ya ce in na isa in zo in nuna masa ranar Lahadi, ya kwatanta min wani titi a Flatbush. A nan na san na haɗu da ɗan sana'a, don mai saye gaban ɗinki yake kallo, maɗinki kuwa bayansa.

Sunansa Mendel, ni kuma Baba Mendel na kira shi har ya bar duniya. Da ya ji ma'anar sunana sai da ya dafa tebur don dariya. Ya ƙwala wa matarsa kira, Mama Rifka, wadda takan kawo masa abinci, ya ce ta zo ta ga mutumin da aka haifa ranar hutunsu ya zo neman aiki. Daga ranar Shabas ya koma kirana, wato Asabar da bakinsu. Shagon ɗaki ɗaya ne a saman shagon wani mai sayar da kifi, taga ɗaya babba, katakon ɗame yadi guda biyu, da durowa mai bakuna da yawa cike da zare. Aikinsa kayan majami'ar Yahudawa ne. A wurin ibadarsu akwai kabad da suke ajiye naɗaɗɗun littattafan Attaura, gabanta labule. Wannan labulen, da rigunan da ake sa wa littattafan, da ɗan ƙyallen da ake rufe burodi da shi a daren Asabar, su muke yi wa ado.

Aikin farko da ya ba ni warwara ce. Wata tsohuwar rigar Attaura ce da aka ƙetaro da ita daga Turai, yadinta ya mutu amma zaren gwal ɗin da ransa, ana so a cire adon a mayar kan sabon karammiski. Ni da nake ji da kaina, na zata zai ba ni allura ne in nuna bajinta. Ya miƙo min ɗan almakashi mai bakin tsuntsu ya ce in kwance. Na yi makonni ina kwancewa, ina jin haushi, sai daga baya na gane karatu ya sa ni. Zaren gwal ba a soka shi ya huda yadi kamar yadda muke yi da zaren tsamiya a gida. Kwantar da shi ake yi a sama, a bi shi da siririn zaren siliki da aka goga wa kakin zuma ana ɗaure shi, ɗauri bayan ɗauri. In ana so harafi ko ganye ya taso, sai a yanka kwali daidai siffarsa a ɗora gwal a kai. Karammiski kuma ba ya mantuwa. In ka soka allura inda bai kamata ba ka zare, tabon yana nan, duk wanda ya tsaya ta gefen haske zai gan shi. Da sanyi hannu kan tsage, fatar ta riƙa kama siliki, sai mu shafa mai mu jira ya bushe kafin mu taɓa yadi.

Labulen farko da muka yi tare shi ya raba mana aiki har ƙarshen zamanmu. Baba Mendel ya shimfiɗa jan karammiski ya zana da alli: kambi a sama, zakuna biyu a tsaye sun tallafe shi, rubutu a tsakiya, daga ƙasa kuma ganuwar birni da ƙofofinta. Na dubi zakunan na ce, "Baba, ni ba na ɗinka abu mai rai." Na ɗauka kora ta zai yi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni ma akwai malamanmu da ba sa so. Zakuna nawa ne, rubutu nawa ne. Kai riƙe bango." Haka muka tsaya. Shi yakan fara, ya gama zakuna da haruffa, ni in bi da ganye da kambi da ganuwa. Birnin Ƙudus ne, wannan na sani, don ya faɗa min.

Ganuwar farko da na ɗinka masa, ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Shabas, wannan bangon ruwan sama zai cinye shi." Gaskiyarsa. Ni ganuwar da na sani ta Kano ce, ta ƙasa, mai kafaɗa a kwance, ita hannuna ya fitar. Ya nuna min yadda zan tsayar da kowane dutse da kusurwarsa, wannan zarensa a tsaye, na kusa da shi a kwance, don haske ya bambanta su. Na warware na sake. Na taho da kyau, dutse bayan dutse, har na iso saman ganuwar ta hannun dama. Saura wuri ɗaya da bai fi tafin hannun jariri ba, sai ya ɗora hannunsa a kan nawa ya ce, "Tsaya nan." Na ce ban gama ba. Ya ce, "Ka gama." Ya goge allin wurin, ya bar yadi tsirara.

A gidanmu, barin aiki da giɓi abin kunya ne, mahaifina da ya gani da na sha mari. Amma na yi wa kaina fassara. Na tuna masu saƙa da magina a wurinmu da kan ce kamala ta Allah ce, na ce to tsohon nan tawali'u yake yi, ba ya so aikinsa ya yi da'awar cika. Fassarar ta yi min daɗi na riƙe ta. Duk ganuwar da na ɗinka bayan nan, babba ko ƙarama, ina isowa wurin sai in ɗaga hannu da kaina, shi kuma ya gyaɗa kai. Yana ganin na gane, ni ma ina ganin na gane.

Akwai abu na biyu, wanda shi ban yi masa fassara mai daɗi ba. In an gama aiki za a kalmashe ƙasan labule, sai ya karɓa daga hannuna. Ya buɗe bakin durowa na can ƙasa, ya juya min baya, ya ƙulle wani abu a ɗan ƙyalle fari, ya tura shi cikin kalmasa ya ɗinke, bakinsa na motsi. Ni Bahaushe, na ga ƙulli, na ga an ɗinke, na ga baki na motsi, me zan kira shi in ba laya ba? Tun daga ranar, in ya nufi durowar nan sai in tashi in ce zan sauka shan iska. Na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shi bai taɓa ce min komai ba in na shimfiɗa dardumata a bayan ƙofa, ni ma ba zan tsoma baki a nasa ba. Da yamma sau da yawa lokacinmu kan haɗu, shi ya fuskanci gabas yana rausaya, ni na ɗan karkata arewa da shi, kowa ya gama ya koma kan allurarsa.

Wani labulen ruwan bula da muka yi wa wani attajiri don tunawa da mahaifiyarsa, shi ya kamata ya buɗe min ido. Mutumin ya zo karɓa, ya duba, ya duba, sai idonsa ya faɗa kan giɓin. Ya fara faɗa, wai an yi masa aikin ha'inci. Baba Mendel bai ko ajiye almakashi ba, ya faɗa masa wata gajeriyar magana da yarensu. Mutumin ya daina faɗan. Ya cire tabarau ya goge ido, ya naɗe labulensa da kansa ya rungume ya fita. Na ga wannan da idona. Maganar tawali'u ba ta sa ƙato kuka, ya kamata in ce, Baba me ka ce masa? Na sa kai na ci gaba da goga kaki. An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa ina ganin rashin tambayar nan ladabi ne.

Injin da kuke yabo, ba ku kuka fara kawo min labarinsa ba. Mun ga shigowarsa. Masu kawo aiki suka fara raguwa, don ana aiko musu labule a kwali daga wani wuri, mai sheƙi, zakuna kamar an buga su da hatimi, ganuwa cike taf ba giɓi ko ɗaya. Ban ce ba shi da kyau ba. Daga nesa ma ya fi namu ɗaukar ido. Baba Mendel ya taɓa juya bayan wani da aka kawo gyara, ya ga takarda manne da gam, ya mayar ya ajiye. A lokacin hannunsa ya fara rawa. Zaki ɗaya sai ya ci masa wata guda, ni ke zura masa zare, ni ke yanka kwali. Na buɗe ɗan shagon nan nawa a Bronx don cefane, ina zuwa wurinsa ranakun da akwai aiki.

Aikinmu na ƙarshe shi ne na hoton da kuka gani. Wata ƙaramar majami'a ta tsofaffi ce ta nema. A lokacin kaka suna da sabuwar shekararsu da babban azuminsu na neman gafara, a kwanakin nan sukan sauke labulen kullum su rataya fari. Nasu ya tsufa ya koma ruwan ƙasa. Muka fara da sanyi, farin yadi da zaren azurfa da ɗan gwal kaɗan. Farin yadi ba ya son gumi, ba ya son numfashi ma, da ƙyalle muke rufe duk inda ba a aiki. Baba Mendel ya gama zakunansa da rubutunsa da ƙyar. Na kama ganuwa na kai rabi, sai korona ta shigo gari.

Kun san shekarar, ba sai na ba ku labari ba, wasunku sun rasa iyaye a cikinta. Aka rufe masallatai, aka rufe majami'u, titi ba ka jin komai sai jiniyar motar asibiti. Na koma ɗinka takunkumi a ɗakina. Na buga wa Baba Mendel waya sau ɗaya, muryarsa a shaƙe, ya ce, "Ka rufe farin da kyau?" Na ce na rufe. Ya ce to. Bayan kwanaki Mama Rifka ta kira ni ta ce an binne shi, ita ma ba a bar ta ta je kusa ba. Na yi salati na zauna a bakin gado. Ya riƙe ni kamar ɗa, ban ko raka shi ba.

Da zafi ya fara ja baya ta sake kirana. Ta ce mai ginin zai karɓi shagon, kuma tsofaffin nan, waɗanda suka rage, suna tambayar labulensu, suna so su yi azumin bana a gabansa. Ta ce, "Kai kaɗai ne za ka iya gama shi yadda yake so." Na karɓi makulli na hau benen. Warin kifi na nan, tabaransa na kan tebur inda ya ajiye. Na yaye ƙyallen, farin bai yi komai ba. Na zauna ni kaɗai na ci gaba da dutse bayan dutse, ba mai tsaya min a ka. Da na iso saman ganuwar ta dama na ɗaga hannu, na bar giɓin daidai yadda yake bari. Na kalmashe ƙasa, ɗinki mai kyau, siriri. Durowar ƙasa ko kallonta ban yi ba.

Na kai mata shi gida ana saura kwanaki kaɗan su shiga hidimarsu. A barandar ƙofa muka tsaya, kowa da takunkumi, na shimfiɗa labulen a kan tebur bisa zanin gado. Ta dubi zakunan mijinta ta daɗe. Ta dubi giɓin ta gyaɗa kai. Sannan ta sa yatsu ta bi kalmasar tun daga wannan baki har wancan, ta dawo ta sake bi.

Ta ce, "Shabas, ina zaren?"

Na ce, "Wane zare, Mama?"

Ta ce, "Na ciki. Wanda yake sawa."

Na sunkuyar da kai na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Komai na yi yadda ya koya min, amma wannan addinina bai ba ni ba. Ni ba na ɗinka laya." Na yi ta kame-kamen yadda zan fassara mata laya da Turanci, na ce abin tsari, abin da ake ɓoyewa don kore sharri.

Ta zuba min ido ta saman takunkumi. Sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta dafa ƙarfen baranda. Ta shiga ciki ta fito da ƙyallen burodinsu na Asabar, wanda na tuna ni na ɗinka masa 'yar ganuwa shekarun baya. Ta sa ɗan almakashi ta farke bakin kalmasa, ta zaro ƙullin ta kwance a tafin hannunta. Allura ce, an riga an zura mata siliki, da zaren gwal a naɗe, da ɗan kwali da aka yanka daidai dutse ɗaya.

Ta ce, "Duk shekarun nan ba ka sani ba?" Ta ce a Ƙudus suna da Ɗakin ibada da aka rushe tun zamanin kakannin kakanni, kuma tun daga lokacin, mai riƙo da al'ada in ya gina gida yakan bar wani ɗan wuri a bango ba shafe, don kada ya manta gidan Ubangijinsa a rushe yake. Ta ce kullum a addu'arsu suna roƙon ranar fansa, ranar da Almasihun da suke jira zai zo a mayar da abin da ya rushe. Giɓin na jira ne. Allurar kuwa ba a littafi take ba, ƙirƙirar mijinta ce. Ta ce, "Yakan ce, in ranar ta zo kowa zai ruɗe da murna, wa zai tsaya neman shagon zare? Gara a tarar da komai a shirye."

Na ce, "To me ya sa yake juya min baya?"

Ta ce, "Kunya yake ji. Ni ma dariya nake masa. Na ce, Mendel, kai da hannunka ke rawa, ko ranar ta zo gobe wa zai cike maka? Ya ce, ai ba bangona ba ne, na Shabas ne. Shi zai cike, hannu ɗaya ya fara, hannu ɗaya zai gama."

Shekara da shekaru mutumin nan yana ajiye min aiki a cikin kalmasa, ni kuwa ina sauka shan iska. Imaninsa daban, nawa daban, kuma da ya faɗa min ba abin da zai canja a sallata. Amma da mun yi hira. Da na gaya masa mu ma muna da abin da muke jira, da na ji abin da yake faɗa in bakinsa na motsi. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai a duk zamana a ƙasar nan.

A ranar na koma shagon na buɗe durowar ƙasa. Fararen ƙyallaye ne a yanke a jere, da takardar allurai. Na yanka kwali daidai giɓin, na auna gwal, na goga wa siliki kaki na zura, na ƙulle. Na dawo barandar na farke kalmasata na tura na ɗinke a gabanta. Aka rataya labulen a kan lokaci. Ita ta aiko min da hoton.

Mama Rifka ta koma wurin 'yarta a wani gari. Shagon yanzu gyaran waya ake yi a ciki. Labulayen da muka yi suna warwatse, wasu a Brooklyn, wasu ban san inda suka ƙare ba, kowanne da giɓinsa a saman ganuwa ta dama, kowanne da allurarsa a ƙasa. Na yi ta neman wanda zan koya wa kwantar da gwal, a cikinku da cikin nasu, kowa ya zauna yini ɗaya sai ya ce bayansa na ciwo. Ban ga laifinku ba, aikin ba ya biyan haya.

Na ce muku da na zo garin nan ba wanda ke jirana. Yanzu akwai aikin da ke jirana a cikin kalmasa, kuma sunana aka ambata. Jiya na ɗauko allura a shago zan sa maɓalli, na ɗaga ta wajen taga, na yi ta kai zare yana wucewa ta gefe, sai da na kira maƙwabcina mai aski ya zura min.